Kyamarar Ɗaukar Jirgin Sama a Zariya: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Zare Kuɗinka

Duk wanda ya taɓa zama a Palladan ko Hanwa ya san ƙugin nan na safe. Kana karyawa, sai ƙaramin farin jirgi ya ratsa ta saman rufi, ya karkata fiffike, ya ɓace bayan bishiyoyi, kafin shayinka ya huce ya sake dawowa. Ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne ke atisayen tashi da sauka. Tun 1964 aka kafa kwalejin, shi ya sa muka girma da wannan ƙara har muka daina ɗaga kai. Ranar da ka ɗaga, ka zaro waya ka ɗauka, abin da za ka samu ɗan ɗigo ne kamar ƙuda a jikin bango. Daga nan sha'awar kyamara take kama mutum, daga nan kuma kuɗi ke salwanta idan bai san abin da yake nema ba.

Yawancin shawarwarin da ke yawo an yi su ne don masu ɗaukar manyan jirage a ƙasashen da iskarsu take garau. Mu namu jiragen ƙanana ne, masu farfela, sannan wata huɗu zuwa biyar a shekara ƙura muke shaƙa. Waɗannan abubuwa uku su za su zaɓa maka kyamara, ba sunan kamfani ba.

Mataki na 1: Auna jirgin da nisan da za ka tsaya

Jiragen horo irin su Tampico TB9 da Diamond DA40 tsawonsu bai wuce wajen mita 8 ba. Boeing 737-800, irin wanda ake gani a Kano ko Abuja, mita 39.5 ne. Ka ga ɗaya ya ninka ɗaya kusan sau 5.

Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da zai hana a yi maka daɗin baki a shago. Ka ninka tsawon lensi, wato lambar milimita da ke rubuce a jikin gilashin gaban kyamara, da tsawon jirgi, ka raba da nisan da ke tsakaninku. Amsar ita ce girman da jirgin zai fito a kan sensa, wato faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara. Lensi mai milimita 300, jirgi mai mita 8, nisa mita 200: milimita 12 ke nan. Faɗin sensar da ake kira APS-C wajen milimita 23 ne, don haka jirgin ya cinye rabin hoto, madalla. Idan nisan ya kai mita 500, amsar ta koma ƙasa da milimita 5, kashi ɗaya cikin biyar na hoton. Amma a wannan nisan dai, 737 zai cika hoton daga baki zuwa baki.

Masu atisaye kan kewaya fili a tsayin ƙafa 1,000 ko kusa da haka, wato wajen mita 300, sai lokacin sauka su yi ƙasa. Saboda haka a Zariya milimita 300 shi ne mafi ƙarancin abin da za ka yi aiki da shi. Milimita 400 ya fi daɗi. Wanda zai riƙa zuwa Kano lokacin jigilar alhazai don manyan jirage, 300 ɗin ta ishe shi har da saura.

Mataki na 2: Lensi tukuna, bodi daga baya

A nan mutane suka fi yin kuskure. Mutum zai zuba kuɗinsa kaf a kan bodi mai tsada, wato gangar jikin kyamara banda lensi, ya koma gida da guntun lensin 18-55 da ake haɗowa da shi, wanda aikinsa biki da suna. Ni a wurina, idan kuɗinka kashi uku ne, biyu na lensi ne. Bodi yana tsufa duk bayan 'yan shekaru. Lensi mai kyau sai ka gaji da shi.

Mai ƙaramin ƙarfi ya duba Canon EF-S 55-250mm IS STM, ko da yake ya ɗan gaza 300, ko Nikon AF-P DX 70-300mm VR. Dukansu marasa nauyi ne, suna kama fokas da sauri, hotonsu ya fi kuɗinsu. Amma na Nikon ɗin yana da tarko biyu. Akwai irinsa sak wanda ba shi da VR, wato abin rage rawar hannu, kuma a ido kusan ba za ka bambance ba sai ka karanta rubutun jikinsa. Sannan lensin AF-P ba ya aiki da tsofaffin bodi irin su D90, D3200, D5100 da D7000. Kada a haɗa maka su a ce ai duk Nikon ne.

Mai ɗan hali ya matsa zuwa Sigma 100-400mm, mai nauyin kilo 1 da 'yan kai, ko Canon RF 100-400mm wanda giram 635 ne kawai. Daga nan sai manya: Sigma da Tamron 150-600mm, kusan kilo 2, da Nikon 200-500mm mai kilo 2.3. A shago kilo 2 ba komai ba ne. Ka ɗaga shi sama kana bin jirgi na awa 2 cikin ranar watan Afrilu, a nan za ka san kafaɗa tana da baki.

Duk wanda za ka saya, ka tabbata yana da abin rage rawar hannu. Canon na rubuta IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC. Za ka ga dalilin nacewa a kan wannan idan muka zo maganar farfela.

Mataki na 3: Girman sensa

Sensa cikakkiya milimita 36 ce a 24. APS-C ta fi ta ƙanƙanta, shi ya sa take yanke gefen hoto ta bar tsakiya, sai abu ya fito kamar an matso da shi sau 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, sau 1.6 a Canon. Lensin 300 ya zama tamkar 450 ko 480. A wannan sana'a riba ce tsantsa. Amfanin babbar sensa a cikin duhu yake, mu kuwa rana ta yi mana yawa ma. APS-C nake ba kowa shawara, kuma megafiksel 20 zuwa 24 sun wadatar. Mai 32 yana ba ka damar datse hoto sosai, amma yana tona asirin rawar hannu.

Sai kyamarorin nan da lensinsu a manne yake, masu zuƙowa kamar ba gobe. Nikon P900 ta 2015 tana zuƙowa sau 83, daidai da milimita 2,000. P1000 ta 2018 sau 125, daidai da 3,000. Mai shago zai saita maka ita a kan eriyar sadarwa can nesa, ka ga har kusoshi, zuciyarka ta tafi. Tsaya tukuna. Eriya a tsaye take. Jirgi mai gudun kilomita 130 a awa, nemo shi a cikin milimita 2,000 kamar neman allura ne a cikin dawa, fokas ɗinsu kuma ba ya bin abu mai motsi yadda ya kamata. Ga kuma babbar matsalar da babu lensin da ke maganinta: iskar da ke tsakaninka da jirgin. Da zarar ƙasa ta ɗauki zafi, kawalwalniyar nan da kake gani a kan kwalta ita ce ke tsakaninku, kana zuƙowa kana ƙara girmanta, jirgi ya fito kamar an zana shi a kan ruwa. A irin waɗannan, wadda na yarda da ita ita ce Sony RX10 IV, mai kaiwa daidai da milimita 600 da sensa mai ɗan girma da fokas mai sauri. Tana da wata falala da ta dace da garinmu: tunda ba a cire lensinta, ƙura ba ta samun ƙofa cikin sauƙi.

Mataki na 4: Fokas da ɗauka a jere

Abin da ake so shi ne kyamarar da za ta kama jirgi ta riƙe shi yana tahowa. Canon na kiran wannan AI Servo, Nikon da Sony AF-C. Jirgi a sararin sama ba shi da wuyar kamawa, domin babu abin da ke bayansa. Wahalar tana zuwa ne idan ya sauko, bishiyoyi da turakun lantarki suka shiga bayansa, ko hazo ya sa farin jirgi ya saje da farar sama. A nan kyamara mai arha take fara dube-dube, gaba baya, har jirgi ya wuce.

A cikin kyamarori masu madubi a cikinsu, waɗanda ake kira DSLR, Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 don irin wannan aiki aka ƙera su, kowacce hoto 10 a daƙiƙa. Ƙasa da su akwai D7200, D7500 da Canon 80D. Ko D5300 ko 750D za su yi wa mai farawa. A cikin sababbi marasa madubi, wasu suna gane siffar jirgi da kansu su liƙe masa: Sony a6700, Nikon Z50 II, OM-1, Canon R6 Mark II. Abin sha'awa ne, amma ba dole ba ne. An yi shekaru ana ɗaukar jirage babu shi.

Hoto 6 a daƙiƙa ya isa. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne daƙiƙa nawa kyamarar za ta jure kafin ta shaƙe ta tsaya tana zuba hotuna a memori, domin galibi daidai lokacin da jirgi ya zo kusa take shaƙewa.

Mataki na 5: Farfela, inda aikin yake

Wannan shi ne abin da ke raba hoton jirgin Zariya da na sauran wurare, kuma saboda shi ne ba kowace kyamara za ta yi ba.

Idan ka bar kyamara ta zaɓa da kanta cikin rana, za ta ƙifta a 1/2000 na daƙiƙa. Jirgin zai fito tas, amma farfelarsa a sandare, kamar injin ya mutu yana shirin faɗowa, ko kamar abin wasan yara da aka rataye da zare. Duk wanda ya san jirgi, da ya kalla zai ce wannan hoton ba rai.

Ga dalilin. Farfela mai juyawa sau 2,400 a minti tana zagayawa sau 40 a daƙiƙa. A 1/2000, digiri 7 kawai ta motsa. A 1/250 ta share kusan digiri 58, ka fara ganin inuwar juyawa. A 1/125 ta kai 115, wanda ga farfela mai reshe 3 ya kusa cika da'ira. Mai reshe 2 sai an sauko 1/80. Lokacin sauka kuma matuƙi yana rage wuta, farfela ta rage gudu, sai ka ƙara sassautawa. Jirgi mai saukar ungulu ya fi kowa wahala, fukafukansa na sama a hankali suke juyawa, sai wajen 1/100 ko ƙasa.

To ga inda gizo ke saƙar. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce da lensin 300 a kan APS-C kada ka sauka ƙasa da 1/500 idan a hannu kake riƙe. Kai kuma kana son 1/160. Abin da zai cece ka biyu ne: abin rage rawar hannu, da iya bin jirgi da jiki. Wasu lensin suna da maɓalli na musamman don bi, lamba 2 a Canon da Sigma, Sport a Nikon. Ka kafa ƙafafu, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka juya daga ƙugu, ka ci gaba da juyawa ko bayan ka saki maɓalli. Cikin hoto 10, idan 2 suka fito ka gode wa Allah. Ni a kan shirwa da keke-napep na koya, don su kullum suna nan.

Saboda haka kyamarar da za ka saya dole ta ba ka damar zaɓar saurin ƙiftawa da kanka, Tv a Canon, S a sauran. Dole kuma ta kasance tana da labulen shota na gaske, na inji, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa lokacin ɗauka. Marasa madubi suna da wata shota ta lantarki wadda ba ta ƙara, tana karanta sensa layi-layi daga sama zuwa ƙasa. Kafin ta kai ƙasa farfela ta matsa, sai reshen ya fito a lanƙwashe kamar lauje. Abin da waya ke yi ke nan. Idan an ce maka kyamara tana hoto 30 a daƙiƙa, tambayi nawa take yi da labule. Canon R7 da R10, alal misali, 15 ne, kuma ya isa.

Akwai saura. A 1/160 cikin tsakar rana da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin sensa wajen karɓar haske), dole ƙofar haske ta cikin lensi ta tsuke zuwa f/13 ko f/16; lambar f tana ƙaruwa, ƙofar tana ƙara tsukewa. Ƙananan kyamarori masu dogon zuƙo akasarinsu ba sa wuce f/8, sai hoto ya ƙone fari fat. Maganin shi ne baƙin gilashin da ake ɗaurawa a bakin lensi mai rage haske, ND4 ko ND8. Ka duba faɗin bakin lensinka, a rubuce yake, kafin ka saya.

Mataki na 6: Ƙura

Tsuke ƙofar haske zuwa f/16 yana da wani sharri: duk ƙurar da ke kan sensa sai ta bayyana, kuma babu inda take fitowa ɓaro-ɓaro kamar a kan sarari. Mai ɗaukar biki zai shekara da datti a sensa bai sani ba. Kai ranar farko za ka gani.

Ni ma sai da na sha. Wata safiya a watan Janairu, iska na kaɗawa, na tsaya a buɗaɗɗen fili na cire guntun lensi na ɗaura dogo, bakin kyamara na kallon sama, ina ta hira. Bai kai minti ɗaya ba. Da na dawo gida na buɗe a kwamfuta, kowane hoto da ɗigo-ɗigo a wuri ɗaya, kamar an watsa masa kanwa. Na kwana ina gogewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga Nuwamba zuwa Maris, a ɗaki ake ɗaura lensi, kuma ba a cire shi sai an dawo. Idan ya zama dole, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa, a yi cikin mota ko cikin jaka. Wajen zaɓe, ka fifita bodi mai robobin toshe kafofi da sensa mai kakkaɓe kanta. D7200, D500, 80D, 7D Mark II da R7 duk suna da su. Marasa madubi sensarsu a fili take da an cire lensi, sai dai wasu kamar R7 suna sauke labule idan an kashe su. Ka kuma sani lensin da ke miƙewa yana komawa iska yake zuƙa kamar zugazugi, don haka ka goge jikinsa kafin ka mayar da shi ciki. Abin hura iska na roba da tsumma mai laushi su zauna a jakarka. Kada ka hura da baki, kada ka goge da bakin riga.

Damina kuma nata sharrin fumfuna ne. Lensin da aka kulle a jaka mai laima yana yin wani zare-zare a ciki kamar saƙar gizo. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, tara su ka zuba a inda kake ajiya.

Mataki na 7: Gwaji kafin biya

Yawancinmu ta hannu za mu saya, ko daga Kano ko Kaduna ko a aiko daga Ikeja, kuma farashi dala yake bi, don haka ka tambayi wuri uku a mako guda. Ka je da memorinka, in da hali da kwamfuta.

Fara da sensa: sa f/22, ɗauki sarari ko farar takarda, zuƙo hoton ka bi shi lungu-lungu. Ɗigo mai laushi ƙura ce, tana fita. Dogon layi kuwa ƙarzuwa ce, ajiye musu kayansu. Cire lensi ka haska tocilar waya ta bayansa ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai, amma zare-zare ko hazo a cikin gilashi, a'a. Sai adadin ƙiftawa, wanda shi ne kamar milejin mota. An ƙera D500 da 7D Mark II don wajen 200,000, D7200 150,000, 80D 100,000. Nikon na rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto. Canon sai an haɗa da manhaja. Mai jirage yana cin shota fiye da kowa, don haka kada ka sayi wadda ta ci rabin ranta a farashin sabuwa.

Daga nan ka roƙi mai shago ku fito bakin titi. Zuƙo lensi har ƙarshe, sa fokas mai bi, ɗauki motar da ke tahowa a jere, ka duba ko lambarta tana karantuwa a yawancin hotunan. Idan ya ce, “Haba Alhaji, ai wannan ba sai an gwada ba,” ka ce masa, “Maigida, gani ya kori ji.” Wanda ya hana gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na 8: Ƙananan kaya

Memori mai alamar U3 ko V30, daga hannun wanda ka yarda da shi, domin jabu ya yi yawa. D500 na cin memori irin XQD da SD, 7D Mark II na cin CF da SD, ka sa wannan a lissafi. Batir biyu. Masu madubi suna kai hoto wajen 1,000 a caji ɗaya, marasa madubi 'yan ɗaruruwa, sai dai da yawansu ana cajinsu da fawa-bank, abin da ba ƙarami ba ne a yanayin wutarmu. Mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai ba ya da amfani ga jirgin da ke ratsawa ta saman kai. Hula da ruwa sun fi shi.

Mataki na 9: Inda za ka tsaya

Zariya garin soja ne. Ga Daffo inda ake horar da kuratan soja, ga makarantar soja, ga barikin Basawa, Kaduna kuma ga sansanin sojan sama. Kada ka saita kyamara ga wurin soja ko jirginsu sai da izini a rubuce. Filin kwalejin ma ba wurin kutse ba ne: kada ka taɓa shinge, kada ka tashi jirgi marar matuƙi a kusa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta takarda ka nemi izini, ka riƙe katin shaidarka. Dogon baƙin lensi daga nesa ba kyamara yake kama ba. Wani dattijo ya taɓa tsayawa da fartanyarsa a kafaɗa ya ce mini, “Yaro, wannan abin naka ba ya tashi dai ko?” Na ce, “Baba, hoto ne kawai, zo ka gani.” Da ya ga matuƙi zaune a cikin gilashi, sai ya nuna mini bakin gonarsa ya ce jirgin ya fi yin ƙasa ta can. Gaisuwa da nuna hoto sun buɗe mini wurare fiye da kowace takarda.

Jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take, da damina daga kudu maso yamma, don haka gefen da suke saukowa yana canzawa da lokaci. Rana ta kasance a bayanka. Da hunturu ta karkata kudu, sai ka tsaya kudu da hanyar jirgin. Daga hantsi ya ɗaga zuwa la'asar kawalwalniya ce ke mulki, don haka safiya da yamma ne naka. Mafi kyawun sama kuwa ita ce ta washegarin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba, an wanke ƙura, ga gajimare a baya.

Ranar farko ka sa ISO 100, ƙiftawa 1/320, fokas mai bi, ɗauka a jere, RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, idan memori zai ɗauka. Idan sama ta yi fari kuma cikin jirgin ya yi baƙi, ƙara haske da +0.7. Tunda ɗalibin zai sake zagayowa nan da 'yan mintuna, duk zagaye ka rage kaɗan: 1/250, 1/200, 1/160. Bayan kowane wucewa ka zuƙo hoton a kan lambar da ke jikin jirgin, wadda ke farawa da 5N, alamar rajistar Najeriya. Inda haruffan suka fara narkewa, nan hannunka ya tsaya a yau. Koma mataki ɗaya baya ka ƙarasa safiyar a wurin.